Kafaɗar mai dukan ƙwallon raga: tambayoyinku da amsoshin likitocin fisiyo

Wasiƙun wannan fitowa duk daga Kumasi suka zo, kuma duk a kan gaɓa ɗaya suke, wato kafaɗar masu ƙwallon raga. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Masu amsawa likitocin fisiyo ne, wato masu jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki.

Assalamu alaikum. Ni kocin wata ƙungiyar samari ne, muna atisaye bayan la'asar sau huɗu a mako. Babban mai dukanmu ɗan shekara 19 ne, da dama yake duka. Na lura kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu. In ya kai hannu bayansa, na hagu yana hawa har gadon baya, na dama kuwa da ƙyar yake wuce ƙugu. Bai taɓa kukan ciwo ba. Wani abokina ya ce a riƙa danne masa hannun kullum har ya daidaita. In yi? (Koci, Aboabo)

Wa alaikumus salam, Malam Koci. Dakata tukuna, kada a danne masa komai sai an auna. Kafaɗar da ke duka ba ta zama daidai da 'yar'uwarta, kuma sau da yawa wannan bambancin ba cuta ba ne, sabo ne da aiki.

Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, kamar ƙwai a kan cokali. Shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa walawa, shi ya sa kuma tsoka ce ke riƙe da ita, ba ƙashi ba. Tsokoki huɗu ne suka rungume kan ƙashin: ɗaya a sama, biyu a baya, ɗaya a gaba. Yanzu ɗaga damtsenka ya yi daidai da kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwar hannu, yatsu na kallon sama. In ka tura tafin hannu baya, wannan shi ne juyin waje. In ka sauko da shi gaba, juyin ciki ke nan. Riƙe waɗannan kalmomi biyu, don duk maganar a kansu take.

Mai duka yana ɗana hannu baya kamar mai jan baka, ya sake shi kamar bulala, sannan tsokokin baya su taka birki. An ƙiyasta cewa ƙwararren mai duka da ke atisayen awa 16 zuwa 20 a mako yana dukan ƙwallo wajen sau 40,000 a shekara. Yaronka bai kai nan ba, amma shekaru sun taru. Abin da aka saba gani shi ne juyin waje ya ƙaru, na ciki ya ragu, kafaɗar ta ɗan sauka ta karkato gaba.

Inda gizo ke saƙa shi ne raguwar juyin ciki tana da tushe biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Na farko ƙashi ne. Ana haihuwar jariri da ƙashin damtse a murɗe sosai ta baya, murɗin yana warwarewa yayin da yake girma har ya tsaya wajen digiri 30. Yaron da ya fara duka tun ƙashinsa bai ƙosa ba, hannun dukan ba ya warwarewa kamar ɗayan. Sai duk juyin ya gusa baya: abin da ya rasa a gaba ya same shi a baya. Wannan ba a gyara shi da danna ko tausa, kuma ba ya bukatar gyara. Na biyu shi ne tsukewar nama, wato tsokokin baya da jakar da ta lulluɓe gaɓar sun taƙure saboda yawan taka birki. Wannan shi ne wanda ke iya jawo ciwo, kuma shi ne miƙewa ke yi wa amfani.

Ana rarrabe su da lissafi mai sauƙi: a haɗa juyin waje da na ciki a kowane hannu. A misali, hagu ya ba da 95 da 60, jimilla 155. Dama ya ba da 108 da 48, jimilla 156. Juyin ciki ya ragu da digiri 12, amma jimillar ba ta taɓu ba, don haka a bar yaro ya yi wasansa. In kuwa dama ya ba da 100 da 38, jimilla 138, to an rasa digiri 22 a ciki, kuma 5 kawai aka mayar a waje. Ƙa'idar da ake bi ita ce a sa ido in juyin ciki ya gaza na ɗaya hannun da digiri 18 zuwa 20, ko jimillar ta gaza da fiye da digiri 5. Waɗannan alƙaluma daga masu jifan ƙwallon besbol na Amurka aka samo su, waɗanda sauyin kafaɗarsu ya fi na masu ƙwallon raga tsanani, saboda haka jagora ne, ba hukunci ba.

Kai hannu baya da ka gwada ba ma'auni ne mai kyau ba, domin allon kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu duk suna sa baki a ciki.

In awo ya nuna tsukewa, ga miƙewar da muka fi so: ya kwanta a kan gefen da yake duka domin nauyinsa ya danne allon kafaɗa, ya kama gwiwar hannun da ɗaya hannun, ya jawo ta a hankali ta gaban ƙirji har ya ji ja a bayan kafaɗa. Daƙiƙa 30, sau uku zuwa biyar, kullum, a sake awo bayan mako huɗu. In abin da ya ji matsi ne a gaban kafaɗa ko samanta, ba ja a baya ba, ya sassauta. Shi da kansa zai yi. Abokin wasa mai ƙarfi ba ya jin abin da yaron ke ji.

An roƙe ni in duba 'yan matan ƙungiyar wata sakandare kafin gasa. Ni ɗalibar fisiyo ce, abin da nake da shi goniyomita (ma'aunin digirin juyin gaɓa) ɗaya ta roba da wayata. Me zan duba, kuma ina aka fi yin kuskure? ('Yar makaranta, Asawase)

Ƙanwata, abin da kike da shi ya isa. Nemi ɗaki mai sirri, tebur ko benci mai tauri, tawul, da wata da za ta riƙe miki ma'auni. Ki gaya wa 'yan matan su zo da rigar da ke barin allon kafaɗa a buɗe ta baya, mata zalla a ɗakin. Wanda bai ga allon kafaɗa ba bai duba kafaɗa ba.

Fara da tambaya: wane hannu take duka da shi, shekara nawa tana wasa, wane gurbi take riƙewa, ina ke ciwo kuma a wane lokaci na dukan. Mai ɗaga ƙwallo da libero (mai tsaron baya) ba sa ɗaukar nauyin da mai duka ke ɗauka.

Sai awon juyi. Ta kwanta rigingine, damtse a buɗe digiri 90 daga jiki, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, ninkakken tawul a ƙarƙashin damtse don ya daidaita da kafaɗa. Tsakiyar goniyomita a kan tsinin gwiwar hannu, ƙafa ɗaya a tsaye cak tana kallon sama, ɗayar tana bin sangalin hannu zuwa ƙullin ƙashin wuyan hannu na ɓangaren ƙaramin yatsa. Ke za ki juya hannun, ita ta saki jiki. Babban kuskure yana wajen juyin ciki: in ba ki danne allon kafaɗa ba, zai ɗago daga tebur ya ba ki ƙarin digiri na ƙarya. Sa babban yatsanki a kan ƙullin ƙashin da ke gaban kafaɗa, sauran yatsu a baya, ki tsaya daidai lokacin da kika ji allon ya fara motsi. A wajen juyin waje kuma ki lura kada ta gantsare. Auna sau biyu ko uku, hannu biyu, ki rubuta. Manhajar auna karkata ta waya tana aiki in kin ɗora wayar a kan sangali wuri ɗaya kullum. Ko ƙwararre yana iya saɓa wa kansa da digiri 5, don haka bambancin digiri uku ko huɗu ba labari ba ne. Kada kuma ki auna bayan atisaye, domin juyin ciki kan ragu na ɗan lokaci bayan yawan aiki. Safiya ta fi.

Na biyu, tafiyar allon kafaɗa. Tsaya a bayanta. Ta riƙe nauyi a kowane hannu: kilo 1.4 ga wadda ba ta kai kilo 68 ba, kilo 2.3 ga wadda ta kai ko ta wuce. Babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta tsaya a madadin na farko. Ta ɗaga hannu biyu ta gaba sau biyar, ta gefe sau biyar, a hankali, hawa da ƙidaya uku, sauka da ƙidaya uku. Yawancin aibin a wajen sauka yake fitowa, kuma a zagaye na huɗu ko na biyar: gefen allon ya ɗago kamar fiffike, ko tsininsa na ƙasa ya turo, ko kafaɗa ta riga hannu tashi zuwa kunne. Amma a yi hattara, 'yan wasa da yawa masu lafiya lau suna da wannan. Abin da ke ba shi nauyi shi ne, in tana jin ciwo, ki tallafi allon da hannunki ki taya shi juyawa sama yayin da take ɗagawa. Ciwon ya ragu? To allon na da hannu a ciki.

Na uku, ƙarfi. In babu na'urar auna ƙarfi, sikelin rataya da ake auna kaya da shi, haɗe da maɗauri a wuyan hannu, zai ba ki adadi. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ta tura waje daƙiƙa biyar, sau uku, sannan ciki haka nan. Ana so ƙarfin juyin waje ya kai kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na juyin ciki. A masu duka tsokokin gaba kan yi ƙarfi su bar na baya, kamar mota mai sabon inji da tsohon birki. A ganinmu wannan awon ya fi na digiri gaya miki wadda za ta sha wahala a tsakiyar kaka.

Kada ki tsaya a kafaɗa kawai. Duba wuya, da yadda gadon baya ke miƙewa da juyawa. Mai duka a sama yake lokacin da ya sami ƙwallo, ba ƙasar da zai tokara, saboda haka in gangar jiki ba ta juya ba, kafaɗa ce za ta biya bashin.

Abokaina sun ce akwai rami a bayan kafaɗata ta dama, ƙasa da ƙashin nan da ya gitta allon. Na duba da madubi biyu, gaskiya ne. Ba na jin ciwo, dukana bai ragu ba. Shekara tara ina wasa. Shanyewar jiki ce? (Ɗan wasa, Tafo Zango)

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba irin shanyewar ɓarin jiki ba ce. Abin da ka siffanta sananne ne a ƙwallon raga. A gasar ƙasashen Turai ta 1985, likitan Italiya Andrea Ferretti da abokan aikinsa sun duba manyan 'yan wasa 96, suka sami 12 da wannan ramin a hannun duka, kuma ba sa jin ciwo.

Hausa tana kiran abubuwa da yawa jijiya, don haka bari mu rarrabe: akwai agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, akwai jijiyar saƙo mai kai umarni ga tsoka. Ta biyun muke nufi. Wannan jijiya daga wuya take saukowa, ta ratsa wani tsagi a saman allon kafaɗa ta ciyar da tsokar sama, sannan ta zagaya gindin ƙashin da ka ambata ta ciyar da babbar tsokar baya, wadda likitoci ke kira infirasfinatus. A wannan kwanar ta biyu take shan ja da matsi duk lokacin da hannu ya ɗanu baya ko ya gitta ƙirji bayan duka. In saƙo ya ragu, tsokar ta rame, rami ya fito. Dukanka bai ragu ba domin ƙaramar tsokar da ke ƙasanta wata jijiya ce dabam ke ciyar da ita, ita ke rufa asiri.

Duk da haka je a duba ka. Za a gwada ƙarfin juyin waje a hannu biyu, kuma mai yiwuwa ka yi mamakin yadda dama ta gaza hagu. Za a duba ko ramin ya haura saman ƙashin, wanda ke nuna matsin ya fi kusa da wuya. Gwajin wutar jijiya da tsoka yana tabbatar da wurin, hoton MRI kuma, wanda ke ganin naman cikin gaɓa, yana nuna ko akwai ƙullin ruwa da ke danne jijiyar, wanda yakan fito daga yagewar leɓen gurbin kafaɗa, wato guringuntsin da ya zagaye bakinsa. In akwai ƙullin, ko ciwo ya shigo, ko ƙarfi na ci gaba da raguwa, sai likitan ƙashi ya duba batun aiki. In babu, motsa jiki ne: kwanta a gefen hagu, tawul a hammatar dama, nauyin kilo ɗaya zuwa biyu, ɗaga sangali sama ka sauke a hankali, sau 15 zagaye uku, kwana uku a mako. Ramin da ya daɗe ba lallai ya cike ba ko da ƙarfi ya dawo.

Wata uku ke nan kafaɗata na ciwo ta baya in na ja hannu zan duka. Na je wajen mai ɗori, an yi mini ƙaho, yanzu sai na sha dikulofenak, wani lokaci taramol, kafin wasa. In je a ɗauki hoto? (Mai duka, Alabar)

Malam, fara da ajiye taramol. Yana kama mutum, yana iya jawo farfaɗiya, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Dikulofenak kuwa yana cin ciki yana wahalar da ƙoda, musamman ga mai zufa a rana ko mai azumi. Sannan duka biyun suna toshe maka kunne daga abin da kafaɗar ke faɗa. Mai ɗori aikinsa karaya, a nan babu alamar abin da ya karye, kuma ɗaure hannu na makonni sanƙarewa yake ƙarawa. Ƙaho da man zafi suna iya rage tsami, amma ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi.

Wurin ciwo da lokacinsa suna faɗin abu da yawa. Naka, na baya a daidai ɗana hannu, ya fi kama da matsewar agarar tsokokin sama da baya tsakanin kan ƙashi da bakin gurbi. Likita zai kwantar da kai ya kai hannun wannan matsayi. In ciwon ya taso, ya danna kan ƙashin baya da tafinsa, ciwon ya lafa, zato ya ƙarfafa. Ciwon gefen damtse da ke zuwa tsakanin digiri 60 da 120 na ɗagawa ya fi nuna agarar sama. Ƙara mai zurfi da jin wani abu na kamawa yana sa a yi zaton leɓen gurbi. Jin kamar kafaɗa za ta goce kuma sakin gaɓa ne. Babu gwaji ɗaya da ya isa shi kaɗai, sai an haɗa uku ko huɗu da labarin da ka bayar.

Hoto ba shi ne farko ba. Eksire ƙashi yake nunawa, sikanin (irin wanda ake yi wa masu ciki) yana nuna agara, MRI yana nuna leɓen gurbi, amma yakan nuna ƙananan yagewa har a kafaɗar 'yan wasan da ba sa jin komai, sai a tsorata mutum a banza. A fara da likitan fisiyo. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. In mako 8 zuwa 12 na motsa jiki na gaskiya bai kawo sauƙi ba, sai hoto. Wanda ba zai jira ba shi ne mai zazzaɓi da kumburi, mai ciwon da ke hana barci ko a kwance yake, wanda hannunsa ya mutu ko yake jin kamar kiyashi na yawo, wanda ya faɗi ya kasa ɗaga hannu, da mai sikila, ko SS ko SC, domin sikila tana iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin damtse.

Ba sai ka bar fili ba. Ajiye duka mai ƙarfi da sabis na tsalle, su suka fi ɗora wa kafaɗa nauyi, ka ci gaba da karɓa da gudu da tsalle. Ƙarfafa tsokokin baya da na allon kafaɗa da robar atisaye, ko tif ɗin tayar keke. Dawowa kuma mataki-mataki: ɗaga ƙwallo, duka mai laushi a tsaye, rabin ƙarfi da tsalle, kashi uku cikin huɗu, sannan cikakke. Fara da duka 15 zuwa 20, da hutun kwana ɗaya a tsakani. In ciwo ya wuce uku cikin goma, ko ya kwana har gobe, koma matakin baya.

'Yata 'yar shekara 13 tana kukan saman damtse bayan wasa. A unguwa da ƙwallon ƙafa suke yi in ta raga ta fashe. (Uwa, Sawaba)

Hajiya, a raba ta da wannan ƙwallon yau. Ta raga giram 260 zuwa 280 ce, ta ƙafa kuwa giram 410 zuwa 450, ta kuma fi tauri, in ta sha ruwan damina sai abin ya ƙaru. A shekarunta akwai guringuntsin girma kusa da kan ƙashin damtse wanda bai rufe ba, kuma ya fi agara rauni. In an danna gefen saman damtse ta yi ƙara, a kai ta a ɗauki eksire na kafaɗu biyu a gwada su. In wurin ya buɗe, hutun duka na wata biyu zuwa uku ke warkar da shi.

Ki kuma gwada wannan a gida: babban yatsanta yana taɓa sangali in an lanƙwasa shi? Gwiwar hannu da ta ƙafa suna wuce miƙewa su koma baya? Tana dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da ta lanƙwasa gwiwa ba? In haka ne, gaɓoɓinta masu saki ne, kuma miƙewar da muka ba Malam Koci a sama ba tata ba ce, ƙarfafawa take bukata. Ki gaya wa malamin wasansu cewa mita 2.24 tsayin ragar manyan mata ne. Ga sa'o'inta a sauke ta, don ta sami ƙwallon a gabanta maimakon ta riƙa miƙa hannu bayan kai.